Shitu Bagunge da Tauraro na Tara

A shekarun da nake zuwa Guangzhou sarin yadi, duk ranar da na sauka babu wanda nake fara nema sai Malam Shitu. Hausawan unguwar Xiaobei, inda yawancinmu ke sauka, Shitu Mai Tuta suke ce masa. Siriri ne, baƙi, furfurarsa a gemu kaɗai take, kuma tef ɗin awo ba ya barin wuyansa. Na sha ganinsa da shi ranar Juma'a a Masallacin Huaisheng, sai an tada sallah zai tuna ya cire ya cusa a aljihu.

Ni sunana Mas'udu, ɗan Kantin Kwari ne. Malam Shitu ya girme ni da shekara goma sha biyar, kuma da farko na ɗauka Bakano ne irina, don Hausarsa ta Fagge ce tsantsa. Sai wata rana muna cin kifi a wani gidan abinci na ga yadda yake zare ƙaya, sau ɗaya tak, daga kai har wutsiya, bai bar tsoka ko ƙwaya a jiki ba. Na ce, "Malam, wannan hannun ba na Kano ba ne."

Ya yi dariya ya ce, "Ni Bagunge ne, Alhaji. A tsakiyar ruwa aka yanke min cibiya."

A wani tsibiri na Kogin Kwara aka haife shi, kudu da Yawuri, wanda suke kira Gungun Marke. Gida talatin da wani abu ne a kai. Mahaifinsa yana noman albasa a bakin ruwa da rani, yana su da damina. Shitu yana da shekara tara aka gama dam ɗin Kainji, aka zo da jirage aka kwashe su zuwa wasu sababbin gidaje da aka gina musu a tudu. Ya ce ruwan bai zo da gudu ba. Kullum da safe sai yara su je gaɓa su hango garinsu: yau ya ci gonakin albasa, jibi ya shiga rumbuna, bayan wata guda saman itatuwa kawai ake gani. Mahaifinsa bai cika shekara biyu a tudu ba ya rasu. Wani kawunsa ya kai shi Kano koyon ɗinki, can ya girma, can ya auri matarsa Hasiya, can kuma Gungancin ya zube masa, sai 'yan kalmomi da yake gaisawa da mahaifiyarsa da su.

Siyasa ce ta sa shi sana'ar tuta. Tun zaɓen saba'in da tara yake ɗinka wa jam'iyyu tutoci, kowace ta zo ya ɗinka mata, bai taɓa shiga ko ɗaya ba. Da 'yan siyasa suka gane cewa bugun China ya fi ɗinkin hannu sauri, sai wani ya turo shi Guangzhou ya tsaya a kan aikinsa. Wata uku aka ce zai yi. Ya shekara shida. Mai kamfanin buga tutocin, wata mata 'yar gajera da ake kira Madam Fang, ta lura cewa idonsa ba ya kuskuren launi, kore da kore ma sai ya ce wannan ya fi wancan duhu, sai ta riƙe shi. Shi ke kawo mata masu saye daga Afirka, shi ke duba kaya kafin a naɗe.

Shekarar 2008 ta zo da wasannin Olamfik a Beijing, ƙasar duk ta rikice da shiri. Otal-otal da kantuna da makarantu kowa na son jeren ƙananan tutoci na ƙasashen duniya ya rataya. Madam Fang ta samu oda har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ba Malam Shitu wani littafin tutoci mai kauri, ta ce duk abin da ya fito daga inji ya gwada shi da littafin.

Na koma a watan Yuli don loda kayan Sallah, na same shi a ɗakinsa ya baje tutoci a kan gado. Ban san ko ɗaya ba. Kusan duk shuɗi ne.

"Waɗannan kuma na ina ne?"

"Na mutanen tsibiran tekun Pasifik ne," ya ce. "Ma'aikatanmu ba sa son su, wai babu mai saye. Ni kuwa su suka fi zauna min. Duba wannan."

Ya ɗago wata shuɗiya mai zane ruwan ɗorawa a tsakiya, da farin tauraro a ƙarƙashin zanen. Ya ce Nauru ke nan. Zanen shi ne layin da ya raba duniya biyu, tauraron kuma su ne, suna nuna wa mai nema inda za a same su, ƙasa da layin kaɗan. Tsinin tauraron goma sha biyu, ƙabilunsu goma sha biyu. Ya ɗauko wata mai da'ira ruwan ɗorawa. Illa, wani Bamaraɗe mai sayen batir da ke zaune a bakin ƙofa, ya ce ai wannan ranar da ke tutar Nijar ce aka sata aka sa a ruwa.

"Ba rana ba ce, wata ne," in ji Malam Shitu. "Palau sunan ƙasar. Littafin ya ce idan wata ya cika, lokacin suke fita su, lokacin suke sare itacen jirgi. Mu ma haka tsofaffinmu suke duban wata kafin su saki taru. Wa ya gaya musu? Wa ya gaya mana?"

Ya daɗe a kan ta Kiribati, mai tsuntsu yana shawagi a kan rana tana ɓullowa daga igiyar ruwa. Ya ƙirga min hasken ranar ɗaya bayan ɗaya, goma sha bakwai, ya ce kowane tsibiri ne da mutane a kai. Abin da ya kama shi ke nan. Sauran ƙasashe suna sa jini da zinariya da takobi a tutarsu, waɗannan kuwa ƙirga kansu suke yi, kamar uwa tana ƙirga 'ya'yanta a cikin jirgi.

Bayan kwana uku muka tafi Nansha, babbar tashar jiragen ruwa da ke kudancin birnin, don ganin an shigar da kwantenata. Tafiya ce mai nisa, ga zafi mai ɗanko. Da azahar muka shiga wani ƙaramin shagon taliya na Musulmin China a wajen tashar. Malam Shitu ya ajiye jakarsa a kan tebur, jeren ƙananan tutocin da zai kai wa wani kanti samfur ya zubo waje.

A teburin gefenmu akwai wani ƙaton mutum, wankan tarwaɗa, cikin kayan ma'aikatan jirgi. Sai kallon tutocin yake. Can ya taso, ya nemi izini da Turanci, ya sa yatsa ya ja wata 'yar shuɗiya mai haske, da tutar Ingila a kusurwarta da taurari ruwan ɗorawa a warwatse.

"Tuvalu," in ji Malam Shitu.

Mutumin ya dube shi baki buɗe. Ya ce shekararsa goma sha ɗaya yana aikin jirgi, ya sauka a tashoshin da ba zai iya ƙirgawa ba, ba a taɓa kiran sunan ƙasarsa kafin shi ya faɗa ba. Sunansa Semeli. Jirginsu ya tsaya gyara na kwana goma. Ya jawo kujera ya zauna da mu, yana ta murna, yana gaya mana cewa bana ne karo na farko da Tuvalu za ta shiga Olamfik, mutum uku suka turo. Yana magana yana shafa tutar da babban yatsa. Sai na ga ya tsaya. Ya sake bin taurarin da yatsa.

"Takwas ne," ya ce.

"Takwas ne a littafi," in ji Malam Shitu.

"Tara ne. Tsibiranmu tara. An taɓa cire ɗaya na ɗan lokaci, shekarun baya, aka mayar. Littafinku tsoho ne." Ya nuna wani wuri a gefen tutar inda babu komai sai shuɗi. "Nan muke. Niulakita. Mu ne mafi ƙanƙanta, ba mu kai mutum hamsin ba. Nan uwata take."

Bai yi fushi ba. Murmushi ma ya yi, ya ce ai sun saba, ko jirgin da ke kai musu shinkafa wani lokacin mantawa yake da su. Ya mayar da tutar cikin jaka da hankali. Amma Malam Shitu ya ture kwanon taliyarsa, ya ciro biro, ya juya takardar lodin kayana ya miƙa masa bayanta.

"Zana min. Kowane a inda yake."

Semeli ya zana taurari tara, yana faɗin sunan kowane. Ashe ba a warwatse suke ba, taswira ce, kowane tauraro a mazaunin tsibirinsa.

Washegari na raka Malam Shitu kamfani. Madam Fang tana tsaye a tsakanin injuna da waya biyu a hannu. Ya shimfiɗa mata zanen kusa da tutar, ya haɗa Turanci da ɗan Sinancinsa.

"Lawban, akwai matsala. Tauraro ɗaya, meyo."

Lawban shi ne maigida ko uwargida a bakinsu, meyo kuwa babu. Ta duba, ta ɗaga kafaɗa. Ta ce an riga an buga, an ɗinke a jere, an kai rabi kantuna. Wa zai tsaya a Guangzhou yana ƙirga taurarin wata ƙasa da ita kanta yau ta fara jin sunanta?

"Na haɗu da wanda ya ƙirga," ya ce.

"Mutum ɗaya."

"Uwarsa tana kan wanda kika cire."

Ta ce ba ita ta cire ba, littafi ne, kuma littafin a hannunsa yake. Gaskiyarta ce, ya kuma san gaskiyarta ce. Amma bai tafi ba. Ya tsaya a wurin da takardar a hannu, ma'aikata na kewaye shi da kaya, har ta gama waya uku. Daga ƙarshe ta yi tsaki irin nasu, ta kira mai zanen kwamfuta ta ce a gyara a bugu na gaba, wanda ya fita kuwa ya fita. Malam Shitu ya ce shiye-shiye, wato na gode, sannan ya roƙi yadi biyu na shuɗi da ɗan ƙyalle ruwan ɗorawa. Ta ce ya ɗauka ya ɓace mata da gani.

Akwai wani tsohon keken ɗinki a ɗakinsa da ya daɗe bai taɓa ba. Kwana biyu ya yi a kansa. Kusurwar Ingila ce ta wahalar da shi, don layukanta ba su daidaita da juna ba, sai da ya farke sau biyu. Taurarin kuwa da hannu ya yanka su, da allura ya dasa su, gaba da baya. Illa ya leƙo ya ce, "Malam, wai kai ɗan can ne?" Bai ɗago ba.

Muka koma Nansha ranar Asabar da hantsi. Semeli ya fito bakin ƙofar tashar, Malam Shitu ya warware tutar, iskar teku ta ɗauke ta. Ƙaton nan ya ƙirga, ya kai tara, ya rungume Malam Shitu har ƙafarsa ta bar ƙasa. Ya ce ranar buɗe wasanni suna tsakiyar teku, babu talabijin mai kamawa, amma zai ɗaura ta a bayan jirgi ko kyaftin ya yarda ko bai yarda ba.

Muka zauna a inuwar wata bishiya. Semeli ya ba mu labarin gida. Ya ce ƙasarsu ko'ina tsayinta bai wuce na ɗaki ba daga ruwa. Idan babbar igiya ta zo a farkon shekara, ba daga gaɓa kaɗai ruwan ke shigowa ba, ta ƙarƙashin ƙasa yake ɓuɓɓugowa, ramukan da suke shuka wani abu mai kama da gwaza duk gishiri ya fara kashe su. Ana ta cewa wata rana sai sun tashi. Uwarsa ta ce ita a bar ta.

"Haka tawa ta ce," in ji Malam Shitu. "Ɗaukarta aka yi aka sa a jirgi."

Ya ba shi labarin Gungun Marke, da Turancinsa na kasuwa, yana cikewa da hannu. Ni da na shekara biyar da saninsa ban taɓa jin wasu abubuwan ba sai ranar. Ya ce kakansa da ƙannensa biyu suna kwance a can ƙarƙashin ruwa, babu inda zai tsaya ya yi musu addu'a ya ce nan ne. Semeli ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya, "Tutarku fa? Yaya take?"

Malam Shitu ya yi dariya. "Mu ba ƙasa ba ne. Ƙauye ne."

"To da za a yi, me za ka sa?"

Ya buɗe baki, ya rufe. Muka yi sallama da Semeli muka shiga motar komawa.

A hanya ya ce min, "Alhaji, shekara talatin ina ɗinka wa mutane tuta. Wallahi na rufe ido ina neman siffar garinmu, ban gan ta ba. Dogo ne ko zagayayye? Bishiyar marken tana gabas da masallaci ko yamma? Gidan wa ke bin namu?"

Da yamma, lokacin hantsi ya yi a gida, ya sayi katin waya ya kira ƙanwarsa a Yawuri ya ce a kai wa Inna. Ina zaune ina jin muryar tsohuwar sama-sama. Ya ce, "Inna, gidajen Gungu nake so ki lissafa min." Ta ce me zai yi da su. Ya ce so yake kawai. Sai ta fara, daga mashigin jirage ta bi gari gida-gida, tana faɗin maigida da matansa da wanda ya iya kiɗa da wanda dorina ta kashe. Tun tana yi da Hausa har ta koma Gunganci ba ta sani ba. Shi kuwa yana rubutawa a bayan kwali, abin da ya gane da wanda bai gane ba, hawaye na sauka a gemunsa. Kati ya ƙare tana gida na ashirin da shida.

A shekarar an tsaurara biza saboda wasannin, mutanenmu da yawa suka tattara suka tafi. Ta Malam Shitu za ta ƙare a ƙarshen Agusta. Madam Fang ta ce za ta rubuta masa takarda, ta san wanda za a gani. Ya ce ta bari.

Bikin buɗe wasannin da safe muka kalle shi, da aka maimaita, a gidan abincin wata Hajiya 'yar Yamai. Wurin ya cika. Nijar ta wuce aka yi ihu, Najeriya ta wuce aka buga tebura. Malam Shitu yana gefe da kofin shayi. Da aka kira Tuvalu sai ya miƙe ya je gaban talabijin har hancinsa na neman taɓa gilashi. 'Yan mutane ne ƙalilan, ba su yi daƙiƙa goma a allo ba.

"Tara ne!" ya ce da ƙarfi. "Na ƙirga, tara ne!"

Aka yi ta masa dariya, wani ya ce Malam ya canza ƙasa bai gaya wa kowa ba. Shi ma ya yi dariyar, ya koma ya zauna.

Ya bar Guangzhou kwana biyu kafin azumi. Keken ya bar wa Illa, littafin ya mayar wa Madam Fang bayan ya ƙara tauraro da biro a shafin. Bai sake jin labarin Semeli ba, don adireshin da ya ba shi na kamfanin jirgi ne, wasiƙa biyu ya aika ba amsa. Ya ɗan zauna a Kano, sannan ya shawo kan Hasiya suka koma Yawuri, ya buɗe shago yana ɗinka kayan makaranta.

Da bazara ta gaba, lokacin da ruwan tafkin ke ja da baya, ya kira ni ya ce za su shiga neman Gungu, ko zan zo. Ni da ko dam ɗin Tiga ban taɓa shiga ba, na je. Muka ɗauki jirgi mai inji, da mu da Inna. Tsohuwa ce ƙarama, ta haura tamanin, idonta ya yi hazo. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakiyar jirgi. Mai jirgin saurayi ne haifaffen tudu, ya ce shi dai ya san ana cewa wani wuri Marke, akwai kifi sosai, amma ko shi ne ko ba shi ba, Allah masani.

Muka yi tafiyar awa guda. Ruwa ta ko'ina, launin ƙasa, gaɓa ta zama zare. Mai jirgi ya kashe inji ya ce nan ne. Wasu baƙaƙen kututture biyu sun leƙo sama, tsuntsaye a kansu.

Malam Shitu ya durƙusa kusa da ita. "Inna, an ce nan ne."

Ta juya fuskarta gabas, ta juya yamma. Ta tambaya ina dutsen da ake hangowa daga ƙofar gidansu. Aka nuna mata wani tudu can nesa, ta ce ba ta gani. Ta sa hannu a ruwa ta daɗe, ta ɗebo ta kai baki.

"A ƙara gaba," ta ce.

Aka ƙara. Ta ce a yi dama, aka yi. Wuri huɗu muka tsaya, kowane sai ta sa hannu, ta ce a ƙara gaba. Rana ta take, mai jirgi ya fara duban mansa. A wuri na biyar ba ta sa hannun ba. Ta gyara lulluɓinta ta ce, "Shitu, yi musu addu'ar a nan. Ruwan ɗaya ne, zai kai musu."

Ya ɗaga hannu, muka ɗaga. Ya daɗe yana yi. Da muka shafa, ta ce a juya, ƙafarta ta yi sanyi, kuma ta bar awaki ba a ba su dusa ba.